Fihirisar da Kawu Ya Ce Kar a Taɓa

Ban taɓa riƙe allura ba, ban iya ɗaure ciwo ba, jini ma in na gani jiri nake ji. Amma akwai wata safiyar Laraba da ran wata mata ya dawo hannuna, ina zaune a ƙasan bene kan kujera mai taya, da kofin shayi a gabana. Ban san ta ba, ba ta san da zamana a duniya ba. Jini take jira a ɗakin tiyata, abin da ya tare jinin kuwa ni ne.

Aikina a asibitin shi ne kula da rumbun bayanai. In an tambayi mahaifiyata sai ta ce ɗanta a asibiti yake aiki, ta ja bakinta ta yi shiru, ta bar mutane su ɗauka likita ne. Gaskiyar magana ni mai gadin wata baƙar na'ura ne da muke kira saba, wadda ke ɗauke da sunan duk wanda ya taɓa yankar kati da duk gwajin da aka taɓa yi masa, na shekara goma sha tara. Ofishina yana tsakanin ɗakin wanki da ma'ajiyar karyayyun gadaje. Sanyin da ke busawa a ciki ba don ni aka kunna shi ba, don sabar ne, ni cin arziki nake yi.

Na gaji wurin daga wani dattijo da kowa ke kira Kawu, har shugaban asibitin. Ranar da ya yi ritaya ya miƙa min mabuɗi, da kalmar sirri a rubuce a bayan takardar magani, da nasiha guda ɗaya.

"Ka yi wata shida kana kallo kafin ka taɓa komai."

"To, Kawu," na ce. Sati biyu na yi.

Abin da ya hana ni haƙuri fihirisa ce. Duk wanda ya taɓa buɗe bayan babban littafi ya san ta: jerin kalmomi a tsare, kowace da lambar shafinta, don kada mutum ya karance littafi gaba ɗaya yana neman layi guda. Rumbun bayanai ma haka yake. Bayanai suna zaune a tebur-tebur, layi kan layi, yadda suka shigo. In babu fihirisa ka ce a nemo maka wani, sai na'urar ta fara daga layin farko tana bi tana dubawa har na ƙarshe, kamar mai neman takalminsa bayan an tashi daga taro. In akwai fihirisa, tsalle ɗaya take yi ta dira a kansa.

Sai dai fihirisa ba 'yar zaman banza ba ce, tana cin nata. Duk sabon layin da aka rubuta a tebur, dole na'urar ta zagaya ta rubuta shi a kowace fihirisar da ke kan teburin. Tebur mai fihirisa biyar, rubutu shida ke nan. Kawu kuwa, Allah ya ƙara masa lafiya, mutum ne da bai iya cewa a'a ba. Likita ya yi ƙorafi, fihirisa. Mai ba da magani ta ɓata rai, fihirisa. Teburin gwaje-gwaje kaɗai, mai layi miliyan casa'in, na ƙirga masa talatin da takwas. Shi ya sa in mai gwaji ya shigar da sakamakon fitsarin wani, sai ya je ya yi nasa ya dawo na'urar ba ta gama adanawa ba.

Sunayen da ya ba su ma abin a zauna a yi kallo ne. Akwai sabo, akwai sabo_biyu, akwai sabo_na_gaske. Akwai na_likita_mai_masifa. Can ƙasa kuma akwai wata wai ita kar_a_taba_don_Allah. Da na gan ta sai da na yi dariya ni kaɗai har mai wanki ya leƙo. Na ce a raina, ji tsoho, ya mayar da saba bangon makewayi.

Ni ba da ka nake aiki ba, da hujja nake yi, haka nake gaya wa duk wanda ya tsaya saurare. Sabar tana riƙe da ƙidayar sau nawa aka bi ta kowace fihirisa. Na buɗe na duba. Guda ashirin da ɗaya sifili ne a gabansu, babu wanda ya taɓa bi ta kansu ko da kuskure. Ta Kawu mai haɗa mutane da Allah tana ciki. Ranar Asabar da rana, asibiti ya yi sauƙi, na zauna na share su ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kanta har na ce mata, "Yi haƙuri, baiwar Allah," sannan na danna.

Ranar Litinin layin masu jira a ɗakin gwaji ya ɓace. Masu shigar da sakamako suka rasa uzurin fita shan iska, wasu har yau ba su yafe min ba. Shugaban asibitin da kansa ya sauko ƙasan bene, karo na farko a tarihi, ya bugi bututun ruwa da goshi, ya yaba min yana mulmula wurin. Shi ya sa aka kawo min kujera mai taya. Ma'aikata suka laƙaba min Tsintsiya, na nuna ba na so, alhali kaina ya kumbura ya fi ƙarfin hula. Da na ba matata labari sai ta ce, "Madalla. Tsintsiyar ta iso ƙarƙashin gadonmu in ta samu lokaci."

Sati biyar ina cin wannan duniyar, sai Larabar ta zo.

Ƙarfe tara da minti goma wayar tebur ta yi ƙara. Sistar ɗakin jini ce, mace doguwa da ba ta ɗaukar wargi, wadda tun zuwana ba ta taɓa ɓata lokacinta wajen gaishe ni ba.

"Tsintsiya, shafin neman masu ba da jini ya ƙi buɗewa. Juyawa kawai yake yi."

"Ina kwana, Sista."

"Ina da mai haihuwa a tiyata tana zubar da jini. Jininta irin wanda ake wahalar samu ne, leda biyu gare mu kuma an ɗaura ta biyun. Ina son sunayen waɗanda aka taɓa gwadawa aka ga irinsa, in kira su. Yanzu."

Da ina da hankali da a nan na buɗe sabar na duba. Amma mu masu wannan sana'a muna da wata cuta: in aka ce abu ya lalace, kowa muke zargi kafin kanmu. Na ce mata ta kashe kwamfutar ta kunna. Ta yi. Na ce ta gwada ta kusa da ita. Ta gwada. Na ce to lalle intanet ne, na kira mai kula da wayoyi na wanke shi tas, shi ma ya wanke ni, muka rabu ba wanda ya ci wani. Duk wannan ina kurɓar shayina, don na tabbata sabata lafiyarta ƙalau, ni na gyara ta da hannuna.

Sai na ji takun takalmi a matakala, irin takun da ba ya neman izini. Sista ta turo ƙofa, ta tsaya a kaina.

"Minti ashirin da biyu," ta ce. "Ba zan koma sama ba sai da sunaye."

Na buɗe jerin ayyukan da sabar ke yi a lokacin. Tambaya ɗaya na gani, ta neman masu irin jinin, an maimaita ta sau goma sha huɗu. Duk dannawar da Sista ta yi, da duk kashe-ki-kunnan da na sa ta, sabuwar tambaya ta tura, tsofaffin kuma ba su mutu ba, suna nan suna turereniya a kan faifan ajiyar bayanai guda ɗaya. Na ce wa na'urar ta nuna min hanyar da take bi wajen amsa tambayar. Ba ta ɓoye min ba. Ta ce tana karanta teburin gwaje-gwaje ne daga layin farko zuwa na miliyan casa'in, don ba ta da wata hanya.

Na buɗe takardar da na adana bayanin abubuwan da na share, na bi da yatsa. Kar_a_taba_don_Allah: rukunin jini, ranar gwaji, lambar mai kati. Yatsana ya tsaya a kanta.

"Mene ne?" in ji Sista.

"Akwai abin da ya kamata ya kasance a nan, babu shi."

"Ina ya je?"

"Na cire."

Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Mayar da shi."

"Sake gina shi zai ci fiye da awa ɗaya. Sai ya karanta teburin duka sannan ya jera."

"To me ya fi sauri?"

Abin da ya fi sauri shi ne in kashe tambayoyin nan goma sha huɗu, in kori kowa daga kan sabar, ɗakin kati da ɗakin magani da ɗakin gwaji da likitoci, in bar mata faifan ita kaɗai ta karanta teburin sau ɗaya ba tare da wani ya ja rigarta ba. Ma'ana in tsayar da asibiti cak da safiyar Laraba, da sunana a rubuce a jikin umarnin. Ba zan yi ƙarya ba, sai da na ɗan yi tunanin kujerata. Daƙiƙa uku ko huɗu ne, amma na yi, kuma har yau ina jin kunyarsu.

Na kira shugaba.

"Ranka ya daɗe, zan rufe wa kowa kwamfuta."

"Na minti nawa?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba? Wa ya sani to, mai wanki?"

Sista ta karɓe wayar daga hannuna. "Ranka ya daɗe, mai haihuwa ce a tiyata. Su rubuta da biro." Ta ajiye.

Na kori kowa, na tura tambayar. Ba a yi minti ɗaya ba hayaniya ta tashi a samanmu, ana jan kujeru, wayar tebur ta shiga ruri. Na zare mata waya. Daga nan babu abin yi sai kallon wata 'yar alama tana ƙiftawa a baƙin allo. Sista ta ja karyayyar kujerar Kawu ta zauna, wayarta a hannu, tana amsa kiran tiyata da kalma ɗai-ɗai: "Tukuna." "Na sani." "Ku riƙe ta."

Ban iya zaman shirun ba, na kira Kawu. Ya ɗauka, kaji na ta kuka a bayansa, don kiwo ya koma yi.

"Kawu, barka da hutawa. Na yi ɓarna."

"Wacce ka share?"

Ko tambayar me ya faru bai yi ba. Na gaya masa.

"Amma Kawu, sifili ne a gabanta. Na duba da idona. Ba a taɓa amfani da ita ba."

"Yaushe rabon da a kashe sabar a kunna, kafin ka duba?"

Na ƙirga. Kwana tara kafin in duba, masu gyaran lantarki sun canja batura, an kashe komai na rabin awa. Ni na tsaya a kansu ma, ina ba da umarni.

"In ta mutu ba shiri, ƙidayar komawa take sifili," in ji Kawu. "Masu lantarki kuwa ba sa sallama. Abin da ka gani na kwana tara ne, ba na shekara goma sha tara ba. Wannan fihirisar sau uku ko huɗu ake nemanta a shekara. Amma ranar da ake nemanta ba a jira."

"Me ya sa ba ka rubuta haka a wani wuri ba?"

"Na rubuta a jikin sunan."

"Kawu, wannan ai ba bayani ba ne, roƙo ne."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Wanda na gada ya ba ta suna mai kyau irin na 'yan boko, da lamba da komai. Na share ta a shekarata ta farko. Da na mayar sai na ce bari in gwada roƙo, ko na bayana zai ji."

"Kai da ka share, me ya faru?"

Kaji suka yi ta kuka. Can ya ce, "Kalli allonka, ɗana. Ka kira ni daga baya." Ya kashe.

Minti goma sha tara tambayar ta ci. Suna bakwai suka fito. Sista ba ta jira na buga mata a takarda ba, a tsaye ta fara kira tana karantawa daga allon. Huɗu layinsu ba ya shiga. Ɗaya ya bar garin tun bara. Ɗaya ta ce tana da ciki. Na bakwai wani mai gyaran takalma ne da aka taɓa yi wa aikin ƙaba, rumfarsa ba nisa. Ya ce a ba shi minti goma ya rufe. Sista ta ce masa in ya tsaya rufewa za ta zo ta ɗauko shi da kanta, sai ga shi cikin minti shida da zare a wuya.

Na buɗe wa jama'a kwamfutocinsu, na mayar da wayar tebur, na sha zagi daga sassa biyar. Da yamma, bayan layi ya ragu, na sake gina fihirisar, na rubuta shafi guda a kan dalilinta na manna a jikin ƙofar sabar. Sauran ashirin ɗin ma na bi su ɗaya-ɗaya ina tambayar mutane, abin da ya kamata in yi tun farko. Biyu daga ciki na mayar.

Matar ta rayu, jaririyar ma ta rayu. Sista ce ta sauko ta gaya min washegari, ta ƙara da cewa jinin ya ƙi tsayawa har sai da likita ya cire mahaifar. Haihuwarta ta fari ce.

"Da jinin ya zo da wuri fa?" na tambaya.

"Ba zan ce maka da ba a cire ba. Likita ma ba zai ce ba." Ta gyara hularta. "Ba kuma zai ce maka da an cire ba."

Abin haushi, a sama labarin da ya zagaya daban ne. Wai Tsintsiya ya tsayar da asibiti gaba ɗaya don ceton mace guda, ya ce wa shugaba ko a rufe ko ya ajiye aiki. Ban san wa ya ƙara wannan gishirin ba. Masu shara suna ɗaga min hannu. Shugaba, da ya ga labarin ya yi wa asibiti kyau, ya dafa kafaɗata a gaban mutane ya ce irinmu ake nema. Na rubuta masa gaskiyar abin da ya faru a shafi biyu, ya sa hannu a ƙasa ba tare da ya wuce sakin layi na farko ba. Sista ta san komai, amma ita ba ta da lokacin gyara wa mutane labari.

Rana ta uku da hantsi aka ƙwanƙwasa min ƙofa. Wani mutum ne siriri, hannuwansa duk tabon wuta, mai walda ne. Ya ce shi ne mijin mai haihuwar nan. Ya ce ya yi ta tambaya har aka nuna masa matakala. Ya kama hannuna da nasa biyu ya ƙi saki.

"Malam, an gaya min abin da ka yi. Ni ba ni da bakin godiya. Uwarta ta ce in zo in ga fuskarka in je in ba ta labari."

Na ja masa kujera. Na so in karɓi godiyar in yi shiru, wallahi na so, ba abin da ya fi sauƙi. Amma mutumin yana kallona kamar na sauko daga sama, ni kuma na san daga inda na fito.

"Zauna, Malam. Ba haka aka yi ba."

Na gaya masa. Na yi masa bayanin littafi da jerin da ke bayansa, na ce akwai jerin da aka tanada don irin ranar matarsa, ni na cire shi sati biyar da suka wuce don na ga kamar ba shi da amfani. Na gaya masa minti ashirin da biyun da na ɓata ina ɗora wa wasu laifi, da goma sha taran da muka zauna jira. Na yi zaton ba zai gane ba, na ma ɗan sa rai da hakan. Amma mai sana'a ne, ya san abin da ake nufi da cire ƙarfen da ke riƙe da wani abu.

Ya kalli sabar, fitilunta suna ta ƙyafta ido.

"Arba'in da ɗaya ke nan," ya ce.

"Arba'in da ɗaya."

"Yanzu ka mayar da shi?"

"Na mayar."

"Nemo min in gani."

Na juya na rubuta tambayar, irin wadda Sista ta tura ranar, harafi da harafi. Ya matso da kujerarsa, ya ɗaga hannu ya kalli agogonsa. Na danna. Kafin ya sauke ido daga kan agogon zuwa allo, suna bakwai suna jere.

Ya sake kallon agogon, ya sake kallon allon. Sannan ya tashi a hankali, ya mayar da kujerar daidai inda ya same ta. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Ta ce min 'ya'ya huɗu take so," ya ce. "Ban gaya mata ba tukuna."

Na ji takunsa yana hawa matakala har ya ɓace.